Koken iyaye da malamai kan ciwon idon da ke kama matasa

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwar ban girma, mu iyayen yara da malaman makarantu mun kawo kukanmu gabanka kan wani ciwon ido da likitoci ke kira keratokonas.

Ranka ya daɗe, a gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai da haske ke ratsawa, kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Ciwon nan yana sa ta ƙara sirancewa, ta turo waje ta yi tsini kamar kan ƙwai, gani ya hargitse. Yakan soma daga balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai, galibi ya kama ido biyu, ɗaya ya fi ɗaya. Yana bin jini a wasu gidaje, kuma likitoci sun danganta shi ƙwarai da yawan murza ido.

Mu malamai muna ganin alamunsa. Yaro ya baro bencin baya ya dawo gindin allo, yana ƙanƙance ido, harafi ɗaya ya zame masa biyu. Da dare fitilar mota ta tarwatse masa. A yanka masa tabarau, kafin shekara ta zagayo ya ce ba ya gani da shi, sai a ce wasa yake ko ba ya son karatu. Wani kuma ƙaiƙayi ya dame shi, kullum bayan hannu na kan ido, a saya masa maganin ɗigawa ba tare da ganin likita ba, alhali wasu magungunan ɗigawar kan jawo hawan jinin ido idan an daɗe ana sawa.

Abin da ya hana mu barci shi ne akwai magani, amma yana da lokaci. Tun 2003 likitoci a Jamus suka bayyana hanyar ƙarfafa wannan fata: a ɗiga mata bitamin B2, a haska ta da wani haske na musamman. Aikin yana tsayar da ciwon, ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi, kuma in fatar ta yi siriri da yawa ba kowane ido zai ɗauka ba. Wanda ya makara sai ƙaramin gilashi mai tauri da ake ɗorawa kan ƙwayar ido, in ya ƙi sai a yi masa dashen wannan fata.

Don haka muke roƙon Sarki ya sa baki hukumomin lafiya da na ilimi su riƙa gwada idon ɗalibai kowace shekara. Duk yaron da aka yi zargin yana da ciwon, da ƙannensa da yayyensa, a tura su asibitin da ke da na'urar ɗaukar taswirar gaban ido, domin allon karanta haruffa kaɗai ba ya tabbatar da ciwon. Ayyukan ido na kyauta sun fi karkata ga yanar idon dattawa. Mun gode da su, amma a tuna da matasa. Sannan hakimai, dagatai da limamai su ja kunnen iyaye: yaro mai ƙaiƙayin ido a kai shi ga likita, a hana shi murzawa. Ranar 10 ga Nuwamba ce ranar wannan ciwo ta duniya, muna fata a fara gwajin da ita.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara da malaman makarantu