Yaya, kar a sayar da tagullar Kaka

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na turo jaka 150 ta hannun wanda kika sani, jaka 100 na maganin Inna ne, sauran a biya wa Auta lakwal. Don Allah na maganin kar a taɓa.

Abin da ya hana ni barci kuwa maganar da ta iso ni ce, wai Kawu ya kira 'yan gwangwan su zo su auna tasoshin Kaka da butarta ta tagulla su saya a kilo. A kilo fa Yaya! Ki je ki same shi da kanki, ki durƙusa ki ce ni ne na roƙa, in kuɗin rufin ɗaki ne zan turo ƙarshen wata insha Allah.

Kin san yanzu gadi nake a gidan tarihi nan Faris, Cernuschi sunansa, kusa da lambun Monceau. Mai gidan ya zaga Japan da ƙasar Sin tsakanin 1871 da 1873, ya dawo da kaya wajen 5000, da yawansu tagulla, da ya rasu ya bar wa birnin, aka buɗe wa jama'a a 1898. Yini nake tsaye kusa da su. Kaskon turare ne, tulun fure ne, wasu na zamanin daular Song ta ƙasar Sin, wasu na daulolin Ming da Qing da suka zo daga baya. Da can manyan masana ba sa kallon irin waɗannan, su na tsofaffin daulolin Shang da Zhou masu shekara dubu uku suke so, suna cewa na baya kwaikwayo ne kawai, to shi ya sa aka daɗe ana samunsu da araha. Alhali sarki Huizong na Song da kansa, wajen 1100, shi ya sa maƙera su riƙa zuba sabbi a kan fasalin na kakanni don ibadar fada. Kaskon zamanin sarki Xuande na Ming, 1426 zuwa 1435, ya yi sunan da har ɗaruruwan shekaru bayansa maƙera na buga hatimin sarkin a gindin nasu. Akwai ma na zamanin sarki Zhengde masu rubutun Larabci a jiki, ranar da na fara jin haka sai da tsigar jikina ta tashi. Yau ga shi an sa su cikin gilashi, ba mai taɓawa sai da safar hannu, a 2013 har nuni na musamman gidan nan ya yi musu.

Ban ce na Kaka za su yi daraja irin wannan ba, ba ma kuɗin nake ji ba. In aka narkar shikenan, kuma da butar nan ta yi mana alwala muna yara.

Ni lafiyata ƙalau, ƙafa ce ke ɗan kumbura da tsayuwa, sanyi kuma an saba. Kar ki faɗa wa Inna. Na san ke ce a kan komai ni ina nan nesa ina ba da umarni ta waya, wallahi abin na cina, ki yi haƙuri da ni.

Ki kwashe kayan ki kai ɗakinki ki kulle a akwati, ki ɗauko min hotonsu ta WhatsApp, har gindinsu. Kar a goge su da toka ko lemon tsami, a bar su yadda suke. Na maganin Inna kuma na sake faɗa, kar a ranta wa kowa. Ki gaishe min da Kawu sosai, da mutan gida baki ɗaya.

Ƙaninki