Wasiƙa zuwa ga ɗana Bashir, a kan bindigar da ke riƙe kwanso

Daga garin Mai Wurno, a Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka da duk masu taya ka aiki a gonar Gadarif. Saƙonka na murya ya iso. Ka ce gadu sun matsa wa dawa, ita kuma bindigarmu Abu Ashara ta fara gardama, in ka harba ka ja sakata kwanson harsashi ba ya fita, har ka kai ga buga hannun sakatar da itace. Wannan bugun ne ya hana ni jira sai mun haɗu bayan girbi. Kada ka sake. Bindiga ba ta riƙe kwanso haka kawai, kuma mai buga ta yana ɓata shaidar da za ta nuna masa inda ciwon yake.

Kafin komai, cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka duba makwancin harsashi da ido, ka sa ɗan yatsa ka tabbatar babu komai, baki yana kallon ƙasa inda ba mutum. Sannan ka tambayi kanka: a ina kwanson yake tsayawa? Wanda ya fito daga makwanci ya faɗo cikin bindiga daban ne da wanda sakata ta dawo ta bar shi a ciki, kuma dukansu daban ne da wanda ya hana sakatar ɗaguwa.

In yana fitowa amma ya sulale ya kwanta a kan sauran harsasai, abin da sauƙi. Bindigarmu Lee-Enfield ce ƙirar Ingila, lamba 4, ta zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma ba ta da wani sifirin mai cilla kwanso daga fuskar sakata irin na Remington 700. Ƙugiyar da ke gefen dama na kan sakata ita ke kama leɓen gindin kwanso, ɗan sifirin da ke bayanta yana danna shi ga bangon hagu, gogar bangon nan ce ke juya shi ya yi tsalle waje ta dama. Ɗan sukurun da kake gani a bangon hagu can baya yana taimakawa, musamman in cikakken harsashi kake fitarwa. To in ka ja sakata a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, kwanso zai faɗo ciki ko da bindigar lafiya lau take. Ja ta da zafi har ƙarshe. Haka ma Mauser ta Jamus ƙirar 1898, wadda mutanenmu ke ce wa Abu Hamsa, sai an kai sakatarta ƙurya sannan take tofar da kwanso. In ka ja da kyau bai canza ba, tura ƙugiyar da babban yatsa. Ya kamata ta yi maka tauri ta koma da kanta. In ta yi laushi, sifirin ya gaji ko ya karye, sai a sa wani. Duba kuma ko sukurun nan yana nan, don yakan kwance ya faɗi a daji mutum bai sani ba.

Sau da yawa ma sifirin lafiyarsa ƙalau, datti ne ya cika ƙarƙashin ƙugiya. Na san halinku na yara, kuna ganin yawan mai shi ne kula. A ƙasar da habub, wato guguwar ƙura, ke tasowa kafin damina, ga baƙar ƙasar Gadarif mai laushi in ta bushe, mai da ƙura sukan haɗu su zama laka, ƙugiya ta kasa sauka sosai a kan leɓe. Kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ka goge ta bushe, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya.

Inda nake so ka natsu shi ne kwanson da ya manne a makwanci. Ɗauki ɗaya cikin waɗanda ka fitar da ƙyar ka juya shi a rana. In ka ga leɓen ya gutsure a gefe guda, ƙugiya ta yi aikinta, makwanci ne ya ƙi saki. In jikin kwanson ya yi ƙuraje-ƙuraje ko zane, tsatsa ta ci bangon makwanci, kuma tagulla idan ta kumbura lokacin harbi tana shiga ramukan tsatsar ta kama. Tsofaffin harsasan .303 na soja su ke jawo wannan. Maganin da ke ɗan ƙarfen tsakiyar gindinsu, wanda allura ke daka, yana barin gishiri a bututu, gishirin ya jawo damshi, kuma mai ba ya narkar da shi. Ruwan zafi ke narkar da shi. Duk ranar da ka yi harbi da su, musamman da damina, ka zuba tafasasshen ruwa ta makwanci ya fita ta baki, ka busar sarai, sannan ka shafa mai kaɗan. Amma kafin ka sake harbi ka goge makwanci ya bushe ƙarau. Kwanso yana bukatar ya kama bango a lokacin da albarushi ya tashi, in akwai mai sai ya zame, ƙarfin ya koma kan sakata, ita kuma daidai fuskarka take.

In kuwa hannun sakata ne ya ƙi ɗaguwa bayan harbi, ka ga gindin kwanso ya baje ko hayaƙi ya yi baƙi kewaye da tsakiyarsa, ƙarfin harsashin ya wuce kima. Ajiye wannan kwalin gaba ɗaya. Harsashin da ya wuni a gaban mota cikin rana yakan yi haka, haka ma wanda wani ya sake ɗura masa albarushi ba awo, kuma kasuwa yanzu cike take da abin da ba a san asalinsa ba. Duba kuma ko akwai farin zobe mai ƙyalli kewaye da kwanso kusa da gindi. Wannan alama ce kwanson yana miƙewa fiye da yadda ya kamata, wata rana ƙugiya za ta fito da gindi kawai ta bar sauran a ciki, iska mai zafi ta yo baya. Kawunan sakatar lamba 4 suna da lamba daga 0 zuwa 3, kowanne ya ɗara na baya tsawo, an yi su ne don toshe wannan tazara. Sai dai mai gyaran bindiga da ke da ma'auni shi ke zaɓar wanda ya dace. Kada ka ari na wani ka ɗaura, kada kuma ka sa magagari a makwanci ko a ƙugiya.

Kwanson da aka riga aka harba in ya maƙale, zare sakata, ka zura sandar goge bututu ta baki ka ƙwanƙwasa a hankali, zai faɗo. Harsashin da bai tashi ba kuwa, ko kusa kada ka taɓa shi da sanda. In ka ja kunama ka ji ƙas babu ƙara, riƙe bindigar tana kallon inda ka nufa, ka ƙirga minti guda kafin ka buɗe, don tsohon harsashi yakan makara. In ya ƙi fita bayan haka, cire sakata ka ajiye ta daban, ka kira mai gyara ya zo ya same ta.

Na ce ya zo ya same ta ne da gangan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hanya ba ta mai ɗauke da bindiga ba ce, ko da takardar lasisinsa na aljihu. Ta zauna a gona, a kulle, harsasai a wani wuri inda Usmanu da ƙannensa ba za su kai ba. Ko kwanso kada ka sako a aljihu ka biyo shingen bincike da shi don ka nuna mini. Ka tsaya ka dube su da kyau, gindi da jiki, ka kira ni ka faɗa mini abin da ka gani. Kafin nan a kori gadu da wuta da dukan gwangwani, a sa yara biyu kwana a bakin gona ta wajen kwari.

Innarka tana gaishe ka, ta ce a tuna mata da riɗinta in an sussuke. Ka gaida mini maiɗakinka da jikokina. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.