Furanninka sun tsira

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Shirun nan ya yi yawa, kuma kada ka kawo mini uzurin aiki, mun san halinka.

Furannin iris da ka bar mini amana saura kaɗan su ƙare, Allah ya kiyaye. Ganyen ne ya fara yin rawaya yana kifewa daga gindi. Da na tone, sai ga wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe saiwar, ga 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa manne a jiki. Fumfuna ce, wadda ake kira Sclerotium rolfsii, mai son zafi da laima. Hankalina ya ɗan kwanta da ban ji wari ba. In saiwa ta yi taushi tana ɗoyi, wannan aikin bakteriya ne, maganin fumfuna ba ya yi mata komai. A sansana tukuna kafin a nemi magani. Don Allah ka gaya wa Yaya haka, shi da ko me ya gani sai feshi.

Na yanke duk inda ya ruɓe har na kai ga farar tsokar saiwar mai tauri, ina tsabtace wuƙar bayan kowane yanka. Na tsoma saiwoyin a ruwan bilic, kashi 1 ga ruwa kashi 9, na ɗauraye, na shanya su, na barbaɗa farar wuta. Ƙasar gindin kuwa kwashe ta na yi, domin waɗancan ƙwayoyin suna iya shekaru a cikinta da ransu. Wurin na jiƙa shi da maganin fumfuna mai suna azoxystrobin, daidai yadda aka rubuta a kwalbar. Shi magani yaɗuwa yake tarewa, abin da ya ruɓe sai wuƙa.

Af, ka ji ƙanenka ya sa ranar? Hajiya har yanzu ba ta yarda ba, wai yarinyar ta cika magana. Kai ma haka aka ce da taka.

Saiwoyin kuwa na mayar da su ƙasa sama-sama, doron saiwa a waje rana na dukansa, tazarar santimita 40 tsakani, ban rufe gindin da ciyawa ba. Shuɗayen duk sun fitar da sabon tsiro. Farar nan da ka fi so ce ban iya cetowa ba, kuma ya dame ni ƙwarai. In kana da ragowarta, ka raba mini.

Akwai abin da na so tambayarka, ya shige mini. Ka gaida Malam.

Naka har kullum.