Rahoton Ayyukan Shekara: Tunawa da Iyaye da Malaman da Suka Ɗora Mu a Kan Gini

Assalamu alaikum iyayenmu magina, malamanmu na zanen gini da sauran 'yan uwa mambobi.

A babban taron bara aka tsayar da cewa wannan shekara ta tunawa da waɗanda suka ɗora mu a kan sana'a ce, tun daga iyayen da suka fara cilla mana tubali har malaman da suka koya mana awo da zane a takarda. Wasu sun so a buga kalanda mai hotunansu. Kwamiti ya ga kalanda shekara guda take yi a bango a sauke ta, sai ya zaɓi a bi dattawan da suka rage, a rubuta abin da ke kansu, a kuma gwada shi da hannu.

An fara da saukar Alƙur'ani da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, aka karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ziyarar Zariya

Bayan girbi muka kai ɗalibai da ƙananan mambobi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Abin da ya rage na tsohon ginin yana cikin sabon masallacin da aka kewaye shi da shi. Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin ɗaki daga ciki, muka je nuna musu, domin yawancin 'yan makaranta suna ɗaukarsa irin bakan bulo ne, wanda kowane bulo ke tokare ɗan uwansa. Ba haka yake ba. Azara ake kafawa cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, har na wannan ɓangare su haɗu da na wancan a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ƙarfin bakan yana ga wutsiyar azarar da ke binne a bango. Shi ya sa mai fasa taga ko mai haƙa hanyar wayar lantarki kusa da ƙafar baka yake kashe ɗaki bai sani ba. Tsagar sai bayan damina ɗaya ko biyu take fitowa. Mai son ganin siffar masallacin gaba ɗaya ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafinsa bisa awon Farfesa Dmochowski ɗan ƙasar Poland.

Abin da aka rubuto daga bakin dattawa

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Tsohon magini ba ya bayani a zaune, sai an kai shi gindin bango. Mun kuma lura cewa tambayar "kwano nawa ake zubawa" ba ta samun amsa; sai ya dunƙule ƙasar a hannu ya ce a taɓa a ji.

A kan tubali bakinsu ya zo ɗaya. Birji ake nema, wato jar ƙasa mai tsakuwa, ba baƙar ƙasar fadama ba, don ita tsagewa take yi in ta bushe. A jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana, gobe a sake jiƙawa a sake tattakewa, a yi ta haka har ya ruɓa ya yi danƙo. Tubalin kuma ya sha rana kamar mako biyu kafin ya hau bango, a jera shi gindi ƙasa, tsini sama. Bango yana farawa da kauri ne ya riƙa sirancewa. Gaggawar mai gida ce ke ɓata shi: in aka ɗora sahu da yawa a yini ɗaya, na ƙasa bai sha iska ba, sai bango ya yi ciki.

Azara kuwa ta namijin giginya da ya ƙosa suka yarda da ita, baƙin gefen nan mai tauri da gara ba ta iya ci. Farin da ke tsakiyar itacen ɓargo ne, kuma shi 'yan kasuwa ke cusa wa wanda bai sani ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufi fiye da kamu huɗu, wajen mita 1.8. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai a gitta wasu a kusurwoyi a rage tazarar, ko a tafi ga baka ko ginshiƙi.

Wajen yaɓe ne aka yi gardama. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi, kowa ya san ta. Laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, shi ne ya kusa ɓacewa. Haɗinsa: katsi, wato abin da ke kwanta a ƙasan ramin marina, gashin jima daga majema, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Masu marina sun ragu, katsi ya yi wuya, kuma magina ƙalilan ne suka taɓa haɗa shi da hannunsu. Mun rubuta haɗin kowane dattijo da sunansa daban, ba mu gauraya ba.

Gyaran soro

Kafin saukar ruwa muka yi aikin gayya a wani tsohon soro da magada suka ba mu izini, dattawa na nuni, matasa na yi. An taɓa shafe shi da siminti. Da aka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙarar ganga, da aka ɓamɓare sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita. An kankare shi duka, aka bar bango ya bushe, aka yi yaɓe biyu, na ƙarshe da makuba.

A rufin mun tarar da ƙasar da aka yi shekaru ana ƙarawa ba a kwashe tsohuwa ba, nauyi ya lanƙwasa azara, ruwa na kwanciya a tsakiya. An rage ta, aka gyara gangara, aka sauya indararo da masu tsawo, don gajeren indararo gindin bango yake zuba wa ruwa. Kuskure ɗaya namu ne: yaɓen gabas an yi shi da tsakar rana, ya bushe da wuri ya tsattsage, sai da aka sake.

Lacca

Laccar shekara a kan Alhaji Falke Barmu aka yi ta, maginin da ya fara Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, ya yi ta ƙara masa baka da hasumiyoyi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tafiyar da aka shirya zuwa can ba ta yiwu ba, an ɗage ta.

Abin da ya rage

Rubutun dattawa yana hannun sakatare, ba a gama tacewa ba, kuma sai an karanta wa kowane dattijo nasa ya amince kafin a buga. Gwajin laso na jiran katsi. Duk mai hanya da masu marina ya sanar da kwamiti. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a zauren taro. Wanda ke da tsohon kayan aikin mahaifinsa ko zanen malaminsa ya zo da shi, za a ɗauki hoto a mayar masa a ranar.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa