Tashoshin wutar gas: a sa sharaɗin kare kifi kafin a zuba kankare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mu ja hankalin hukumomi kan tashoshin wutar lantarki da ake maganar ginawa a kan hanyar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Muna maraba da wuta, amma yawancin tashoshin da ke aiki da tururi sai sun nemi ruwan sanyaya injinansu, kuma a ƙasarmu ta Arewa daga kogi ko dam za a ɗebo shi, inda masunta ke neman abinci.

Ɓarnar iri biyu ce. Kifin da ya ɗan tasa, ruwa ke fizgarsa ya manna shi a jikin ragar ƙarfen da ke bakin famfo, ya kasa motsa marfin kunnensa, ɓawonsa ya goge, ya mutu a wurin. Ta biyu ta fi muni don ido ba ya ganinta: tsohuwar raga mai huda milimita 9.5 ba ta tare ƙwai da 'ya'yan kifi. Wucewa suke yi cikin bututu, zafi da matsin famfo da sinadarin kulorin su gama da su. Tarwaɗa da farkon damina take zuba ƙwai a ciyawar bakin ruwa, saboda haka bakin famfon da aka kafa kusa da fadama zai iya cinye haihuwar shekara guda ba a ga gawa ko ɗaya ba.

Amurka ta sa batun a dokarta ta tsaftar ruwa ta 1972, a 2014 kuma ta fitar da ƙa'ida ga tashoshin da ke jan fiye da galan miliyan 2 a rana. Ɗaya daga cikin hanyoyin cika ta shi ne kada gudun ruwa ta cikin hudar raga ya wuce santimita 15 a daƙiƙa, gudun da yawancin kifi ke iya juyawa ya tsere masa. Lissafin ba wuya. Famfon da ke jan lita 1,000 a daƙiƙa yana bukatar buɗaɗɗiyar huda kusan murabba'in mita 7. In rabin ragar waya ce, a ninka faɗinta.

A nan ne aiki ke lalacewa. Ana yin awo da ruwan Agusta, alhali a Afrilu kogi irin Galma ya janye, rabin raga na waje, kifi kuma ya taru a 'yan gurbi masu zurfi. Leda da kainuwa su toshe rabin abin da ya rage, gudun ya sake ninkuwa. Dole a yi lissafi da mafi ƙarancin ruwan bazara, a kuma bar sarari don toshewa.

In raga mai juyawa za a sa, wato mai falle-falle da ke zagayawa tana ɗago abin da ya manne mata, kowane falle ya zama da ɗan kwami mai riƙe ruwa a ƙasansa, ta riƙa juyawa dare da rana, a fara wanke kifin da feshi mai laushi kafin mai ƙarfin da ke cire shara. Magudanar da za ta mai da shi kogi ta kasance mai santsi, ta sauke shi can ƙasa, nesa da bakin famfo da inda ruwan zafi ke fita. In an sauke shi kusa, famfo zai sake jawo shi.

Mu a ganinmu, kogunanmu ba su da ruwan da za a ja a zubar. Hasumiyar sanyaya ruwa, wadda ke juya ruwa ɗaya, tana rage abin da ake ja da fiye da kashi 90 cikin 100. Tana da tsada, wani ruwan kuma yana tafiya a tururi, amma gyaran bakin famfo bayan an gama gini ya fi ta ciwo.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin gini. Muna roƙon Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta sa a ƙirga ƙwai da 'ya'yan kifi a wurin na shekara cur, rani da damina, a kuma zauna da sarakunan ruwa, don su suka san inda karfasa da kurungu ke kwana. A rubuta gudun ruwa da girman huda a takardar izini, NESREA kuma, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo da ma'auninta a bazara ta gwada da kanta.

Wassalam.

Wasu masana kifi da injiniyoyin ruwa,
Samaru, Zariya