Wasiƙar Godiya ga Garejin 'Yan Uwanmu da ke Sana'iyya, Unguwar Masana'antu ta Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai gareji, da makanikai da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Na rubuto ne a madadin wasu daga cikinmu direbobin da ke jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Madina, domin mu gode muku a bainar jama'a bisa gaskiyar da kuka gaya mana game da filtar baƙin mai ta ragar ƙarfe, wadda ake wankewa a mayar, alhali da kun yi shiru da kun yi ciniki mai kauri a kanmu.

Motar da ke bin hanyar Madina, mai tsawon fiye da kilomita 400, ba ta daɗewa ba a yi mata juyen baƙin mai ba, kuma kowane juye yana tafe da kuɗin sabuwar filta, shi ya sa muka yi sha'awar wadda za a saya sau ɗaya. Sai Alhaji ya ɗauko kwalinta ya nuna mana inda aka rubuta maikiron 35, ya ce maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin silin gashin mutum kuma yana kai wajen 70. Ya ƙara da cewa lambar ita kaɗai ba hujja ba ce, sai an tambayi kashi nawa cikin ɗari na dattin mai wannan girma filta take tarewa. Wani kamfani zai buga maikiron 20 alhali rabi kawai tasa ke kamawa, wani kuma zai buga 20 ɗin nan yana nufin kashi 99, bisa gwajin ISO 4548-12 da ake yi wa filtocin baƙin mai. A ido duk ɗaya ne, amma a cikin inji ba su yi ko kusa ba.

Bayanin da ya fi shiga ranmu shi ne na bambancin ƙira. Ragar ƙarfe kamar rariya take, shimfiɗa ɗaya ce mai ƙofofi daidai wa daida, duk abin da bai kai girman ƙofa ba wucewa yake yi. Ta takarda ko ta zaren roba kuwa kauri gare ta, datti yana maƙalewa a lungunan zarenta. Ƙwayoyin da ba su kai maikiron 20 ba suna cikin masu cin sassan cikin inji irin su metal da ringi a hankali, kuma kowa ya san irin ƙurar da motocinmu ke sha.

Duk da haka ba ku kushe filtar ragar ƙarfen gaba ɗaya ba. Kun ce mai yana ratsa ta cikin sauƙi, don haka bawul ɗin da ke barin mai ya kewaye filta ba ya yawan buɗewa, sai dai wannan ya fi amfanar ƙasashen sanyi inda mai ke yin kauri da asuba, abin da ba ya damun mazaunin Jidda. Mun kuma ga yadda wani yaronku ya wanke guda ɗaya cikin farin bokiti, ya busa iskar kwamfuresa daga ciki zuwa waje, ya goge baƙin garin ƙarfen da ya taru a maganaɗisunta, sannan ya ɗaga ragar ga hasken rana yana neman yagewa. A ganina direban da ke sauri a lokacin Ramadan ba zai tsaya wa wannan aiki ba, kuma wankin da bai fita ba yana mayar da datti cikin inji.

Galibinmu mun ci gaba da filtar zaren roba mai bayyanannen sakamakon gwaji, kamar yadda kuka ba da shawara, tare da kula da filtar iska. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Wani direba a madadin abokan aikinsa, Jidda.