Koken iyayen ɗaliban jami'a zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Ngaundere

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Lamiɗo, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya kare fada da mutanenta. Mu ne talakawanka iyayen yara na unguwar Hausawa, mun biyo ta hannun mai unguwarmu, in ba uba ba wa za mu kai wa kuka.

Ranka ya daɗe abin da ya faru makon jiya ne ya sa muka kasa yin shiru. Yaronmu maraya, uwarsa ƙosai take soyawa, yana shekara ta uku a jami'ar Ngaundere can Dang, mai gidan haya ya sa wa ɗakinsa kwaɗo saboda bashin haya, littattafai da takardunsa duk suna ciki, ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Yaron nan ya ari moto, wato babur, yana ɗaukar fasinja da dare don ya haɗa kuɗin, mota ta buge shi, yanzu yana kwance da karyayyar ƙafa, jarrabawa ta wuce, ɗakin kuma har yau a kulle wallahi. Ba ma zagin mai gida, haƙƙinsa ne, amma haba, ko littattafan ai a bar masa.

Allah ya taimaki Sarki, ka fi mu sani tun 1993 aka daina ba ɗalibai burs, wato tallafin kuɗin karatu, aka ce kowa ya biya sefa dubu 50 na rajista duk shekara. Ga mai hali ba komai ba ne. Ga mai facin taya ko mai tallan goro da ke da yara biyu a jami'a kuwa, bayan dubu 50 ɗin akwai haya, abinci, fotokofi, ga kuɗin mota tunda Dang kusan kilomita 15 ne daga gari. Kyautar dubu 50 ta shugaban ƙasa mun gode, amma ta masu maki sama ce kuma sau ɗaya a shekara, yaron da ya kwana kan moto yaushe zai yi maki? An buɗe jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, gine-gine na ƙaruwa, 'ya'yanmu na cin bak, jarrabawar gama sakandare, suna zaune a gida, 'yan mata ma ba a magana, sai aure.

Mun rubuta takardu, mun je ofisoshi, mun zauna da manyan 'yan boko lokacin zaɓe, kullum za a duba, har mun daina ƙirga.

Muna roƙo Mai Martaba ya kira attajiran gari da dillalan shanu da limamai a kafa asusu a ƙarƙashin fada, a ware wani abu daga zakka don rajistar 'ya'yan talakawa, kuma a riƙa karanta sunayen waɗanda suka samu a fili, don mun ga yadda taimako ke ƙarewa a gidajen da ba su buƙata. A yi wa masu gidajen haya na Dang magana kada a ƙara kulle ɗalibi lokacin jarrabawa. A samo gida ko ɗaya ne don 'yan matanmu. A sa baki magadan gari su sa ɗalibai cikin kasafinsu. Asusun nan dai ranka ya daɗe, asusun nan, kafin a koma karatu a watan Oktoba.

Sannan don Allah a aika dogari a buɗe ɗakin yaron nan, uwarsa ta kwashe kayansa.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo.
Talakawanka, iyayen ɗalibai na unguwar Hausawa.